Karta Biyu-Biyu: Daga Fulotin Auduga Zuwa Kofin Bamuda

A shekarar 1925 wani Ba'amurke mai suna Harold Vanderbilt, ɗan gidan attajiran jirgin ƙasa, yana cikin jirgin ruwa mai suna Finland tare da abokansa uku, ya zauna ya gyara ƙa'idar lissafin wani wasan karta da Turawa suka daɗe suna yi. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne wasan birij da ake gasarsa a duniya yau. A tsakiyar waɗannan shekaru na 1920 ne kuma Turawan auduga suka share daji a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, suka kafa gonar yaɗa iri. Kartar da ke hannun Vanderbilt da wadda ta shiga hannun leburorin Daudawa iri ɗaya ce, guda 52, ja da baƙi. A can ta zama wasan da ƙasashe ke tura wakilai a ɗaga kofi. A nan ta zama abin da in an ce saurayi yana yi, iyayen yarinya su mayar masa da kayansa.

Kafin karta ta zo, dara ce ke da dandali. Ba a sayenta, ba a ɗaukarta a kai. A share ƙasa a gindin durumi ko cediya, a tona ramuka 30, layi biyar na shida-shida. Wannan ya karyo kara guda 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12. Da fari zubi ake yi, kai ɗaya ni ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku tun a zubi ba. In an gama sai tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗa guda daga na abokin karawa. Gwani shi ne wanda tun a zubi ya dasa 'ya'yansa yadda in ya matsa ɗaya ya ci, in ya mayar da shi ya sake ci, kana zaune kana kallo ana kwashe maka gida ba ka da ta cewa. Dakarkarin ƙasar Zuru sun yi suna a kanta, Zabarmawan Nijar ma suna yin ta, suna ce mata dili.

A bakin ƙa'ida mutum biyu ke yin dara. A aikace kuwa ban taɓa ganin darar mutum biyu ba. Kowane mai wasa da rundunarsa a bayansa, wani na tsugune, wani ya dafa gwiwa, wannan ya yi gyaran murya, wancan ya ce "kai, Malam, dubi gabas ɗinka." Ranar kasuwa in baƙi suka zo, 'yan gari kan haɗa kai a bayan gwaninsu, kuma in an cinye shi unguwa ce gaba ɗaya ta kwana da haushi. Malamanmu da suka karanta Risala sun san ta hana wasan ludon Larabawa da shaɗaranji, wasu sukan sa dara a layinsu. Amma yawanci malami kan wuce 'yan dara da sallama kawai, in dai ba su bar la'asar ta kuɓuce ba. Dattawa ne ke yi, da rana tsaka, da rani bayan an kai amfanin gona rumbu, kuma ba a zube kuɗi.

Caca tana can gefe da nata wurin. Da wuri ake yin ta a da, a watsa a ga nawa suka kife nawa suka buɗe. Babu dabara a ciki sai sa'a da rantsuwa da bashi. To, karta da ta iso ƙasarmu, a tabarmar 'yan caca ta sauka, ba a inuwar 'yan dara ba, kuma duk abin da ya same ta bayan haka daga wannan masauki ya taso.

Auduga ce ta yi mata jagora. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin Turawan auduga ya kafa injin gurza a Funtuwa, a wurin da har gobe ake kira Bisije, da wani a Malumfashi. Irin da aka yaɗa daga Daudawa ya bazu a ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da ƙasar Kogo, wato Sabuwa da kewayenta. Manomin da a da arzikinsa dawa ce a rumbu da ɗan akuya a turke, sai ga shi da hunturu ya kai auduga fuloti, an auna, an ƙirga masa sulalla a tafin hannu, kuɗin shekara guda a yini guda. Duk inda aka yi haka sai an sami masu jiran sa a bakin hanya: mai tsire, mai goge, magajiya da matanta, da 'yan wala-wala masu karta uku a kan kwali. Tsofaffi sun ce sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama sun ƙara yaɗa ta, su da direbobin manyan motoci na hanyar Funtuwa zuwa Gusau masu yada zango a Sheme da 'Yankara. Labarin wanda ya sayar da auduga da safe ya koma gida da dare babu ko kuɗin gishiri, kowane ƙauye yana da nasa, sunan mutumin ne kawai ke canzawa.

Turawan da ke zaune a Daudawa da Funtuwa su ma suna buga tasu kartar da daddare, su huɗu a tebur, fitila a tsakiya. Waɗanda suka yi musu aikin kuku da boyi sun ba da labarin abin da ya fi ɗaure musu kai: ana cikin wasa sai ɗaya ya baje kartarsa a fili kowa na gani, ya tashi ya zuba abin shansa. Suka ɗauka ya yi fushi ne. Ba wanda ya koya musu, su ma ba su tambaya ba.

Duk da mugun suna, a cikin kartar tamu akwai wani reshe da ba na caca ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wasan mutum huɗu ne, biyu-biyu, kai da abokinka kuna fuskantar juna. Kowa ya jefa ɗaya, dole ka bi irin da aka fara in kana da shi, babba ya kwashe. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana buga shi da wani tela maƙwabcinsa bayan isha'i, a ƙofar shagon, da 'yar fitilar ƙwai. Abin da ake sawa bai wuce goro ba, wani lokaci ma dariya ce kawai. Ba su taɓa rabuwa ba; in telan ya yi tafiya, Kawu sai dai ya zauna kallo. Ya kan ce wasa da baƙon aboki noma ne da aron fartanya, kana yi tana goce maka.

Suna da maganarsu ta ɓoye. In Kawu ya tura hularsa baya, yana da ƙarfi a kubi. In telan ya ɓare goro bai ci ba, zi ya ƙare masa. Kowa ya san suna yi, su ma sun san abokan karawarsu na yi. Rabin gwanintar shi ne ka gane alamun wancan ɓangare ba tare da sun san ka gane ba, ka kuma canza naku kafin a gano. Na taɓa tambayarsa, da ƙuruciya, ko wannan ba maguɗi ba ne. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanda bai iya karanta fuskar ɗan'uwansa ba, me ya kawo shi kan tabarma?" Maguɗi a wurinsu shi ne danne karta a ƙarƙashin cinya, ko yi mata alama da farce, ko shirya ta wajen rabo. Wanda aka kama da ɗaya daga cikin waɗannan ba a dukansa. Gobe in ya zo sai ya tarar an cika huɗu, jibi ma haka.

Birij na koye shi ne a makarantar sakandare, a hannun wani malamin lissafi ɗan Pakistan, cikin waɗanda suka cika makarantun Arewa a shekarun 1970 da farkon 1980. Gininsa ɗaya da wasan su Kawu, sai dai kafin a jefa karta ko ɗaya ana yin ciniki. An raba 13-13, kowa bi da bi zai faɗi ci nawa shi da abokinsa za su iya kwashewa, da irin da suke so ya zama sarki a wannan zagaye. Wanda ya taya mafi tsada ya ɗauki alkawari. In ya cika ya sami maki, in ya gaza a ci shi tara. Abokin mai alkawari shi ne ke baje kartarsa a fili ya naɗe hannu, abin nan da ya rikita boyi-boyin Daudawa. Cikin cinikin ne abokai ke gaya wa juna abin da ke hannunsu, kowane tayi da ma'anarsa. Amma akwai sharaɗi mai nauyi: duk ma'anar da kuka shirya tsakaninku dole abokan karawa su san ta. In sun tambaya ku faɗa. Tari, kallo, jinkiri, yadda ka riƙe karta, duk haramun ne su ɗauki saƙo.

Abin da ya fi wannan girma shi ne yadda suka yi da sa'a. A gasar ƙungiyoyi, kowace ƙungiya mutum huɗu ce a fili, ana wasa a teburi biyu a ɗakuna daban. In an gama zagaye ba a cakuɗa kartar. Kowa ya mayar da tasa cikin aljihun wani ɗan allo mai aljihu huɗu, a kai ɗaya ɗakin. A can, kartar da abokan karawarku suka riƙe a nan, 'yan ƙungiyarku ne za su riƙe ta. Sai a gwada maki biyun, bambancin shi ne sakamako. Ba mai cewa yau hannuna ya mutu, domin mataccen hannun nan wani ya riƙe shi a ɗakin can, ana jiran a ga abin da ya yi da shi. Kada a ɗauka Turawa ba su caca da birij; suna yi a kulob-kulob ɗinsu har yau. Amma wannan dabara ta ba wasan ƙofar da zai fita daga gidan caca, ya tsaya da ƙafarsa ba tare da kuɗi a tsakiya ba.

Daga nan sai rubutu. An fara gasar duniya ta Kofin Bamuda a 1950, Amurka ta ɗauka, ta kuma riƙe shi har sau huɗu a jere. Birtaniya ta karɓa a 1955, Faransa a 1956. Sai Italiya ta shigo da ƙungiyar da ake kira Shuɗiya, ta su Giorgio Belladonna da Pietro Forquet, daga baya da Benito Garozzo. Tsakanin 1957 da 1975 sun ɗauki kofin sau 13, ban da gasar Olimfiyad ta birij da suka ci a 1964 da 1968 da 1972. Ba wai kowannensu ya fi kowa a duniya ba ne in an ware shi. Sun daɗe tare ne, sun gina tsarin ciniki sun haddace shi, kuma suna da kyaftin mai hana su gardama a tebur. Afirka ma ta taɓa leƙawa: a Olimfiyad ta farko, a Turin a 1960, matan Masar ne suka ci ɓangaren mata, lokacin ƙasar tana amsa sunan Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa. Omar Sharif, ɗan fim ɗin nan, shi ma ya taɓa wakiltar Masar a birij. Malaminmu kuwa bakinsa bai rufu ba a 1981, shekarar da Pakistan, da Zia Mahmood a cikinta, ta ratsa manya ta kai wasan ƙarshe, Amurka ce kawai ta tare ta. A 1991 a Yokohama ƙasar Ayislan, wadda mutanenta a lokacin ba su kai 300,000 ba, ta ɗauke kofin. An buga na 1997 a Tunisiya, Faransa ta ci. Na 2023 a Marrakesh ta Maroko, Suwizalan ta ci. Kowane hannu da aka buga a manyan wasannin nan yana rubuce, karta bayan karta, mai so ya je ya duba inda wane ya yi kuskure shekara sittin da suka wuce.

Su ma fa suna da nasu hula da goro. A 1965 a Buenos Aires aka zargi 'yan Birtaniya biyu, Terence Reese da Boris Schapiro, da nuna wa juna yawan kubin da ke hannunsu ta yadda suke jera yatsu a bayan karta. Hukumar duniya ta ce sun yi, binciken da aka yi a ƙasarsu ya wanke su, gardamar ba ta mutu ba har su biyun suka mutu. A gasar Kofin Bamuda ta 1975 aka ga wasu 'yan Italiya biyu suna taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur. A wannan gasar ne aka fara raba abokai da allo a saman tebur don kada su ga fuskar juna. Da maganar ƙafa ta taso aka toshe ƙasan ma. A 2015 bidiyo ya tona wasu manyan gwanaye, cikinsu har da waɗanda ke ajiye karta a tsaye ko a kwance don isar da saƙo. Da Kawu ya ji wannan, da ya ce ai yaran sun iya wasa.

Ni ban ga laifin su Kawu ba, domin abin da aka halatta wa kowa ba zalunci ba ne. Sai dai irin wasansu ba ya iya fita gari. Yana buƙatar mutum huɗu da suka san tarin juna da yadda kowa ke zama, da jama'ar da hukuncinta shi ne a ƙi matsa maka wuri. Ka ɗauki tela da Kawu ka kai su Kano su kara da waɗanda ba su taɓa gani ba, kafin zagaye uku an kama kwalar riga. Masu birij sun sayi damar karawa da baƙo, suka biya da fuskar aboki. Na fahimci cinikin, amma allon nan da ke tsakanin mutum da wanda suka shekara ashirin suna wasa tare bai taɓa kwanta mini ba.

Ba ƙin wasan Bature ne ya hana birij kama ƙasa a nan ba. Katsina ce ta rungumi folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labari. Ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wanda shi ma biyu-biyu ake yi, wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo shi a shekarun 1920, ɗaliban Kwalejin Katsina suka ɗauka, Sardauna ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, ga shi har yau ana gasar kofi da sunan Sardaunan. Waɗannan sun sami sarki da makaranta sun tsaya musu. Karta kuwa ba hakimin da zai yarda a gan shi da ita a hannu, ko Sarkin Pauwa a Ƙanƙara ko Sarkin Yamma a Faskari, kuma ba hedimastan da zai sa ta a jadawali. Dara da ke da mutunci, ita kuma an raina ta, an ɗauke ta abin kashe lokacin tsofaffi. Dambe da kokawa da langa sun shiga bikin wasanni na ƙasa. Gwanayen darar ƙauyukanmu sun mutu, sunansu ya bi su, don ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar littafi ya rubuta wane ya ci wane.

Wasan biyu-biyun ma wot ce ta fara cinye shi, tun kafin komai. Wannan karta mai da'ira da tauraro da kuros an ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, amma a Nijeriya ta sami gida. A idona ta mamaye majalisun samari bayan yaƙin basasa, ta hannun sojoji da 'yan makarantar kwana. Tana da sauri da daɗin ihu, a ce maka ɗauki biyu, a aika kowa kasuwa, wani ya buga ƙasa ya ce las kat. Amma kowa tasa ta fisshe shi ne, ba ka da aboki sai wanda kuka haɗu kuka cuci na uku. Da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina a 2000 aka watse gidajen caca na fili, sai tsoron riƙe kowace irin karta ya ƙaru, ta goro da ta kuɗi. Cacar ba ta mutu ba. Ta koma shagon ƙwallon Turai, daga can ta shige waya.

Abin da ya ƙarasa majalisar dare kowa ya san shi, wato 'yan bindiga. Ƙauyen da ake kashe fitila tun magariba a kasa kunne ko za a ji ƙarar babura, ba a zaman ƙofar shago. Bayan kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, sai dokar 2021 ta zo: aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka tsayar da cinikin dabbobi a kasuwanni, a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mutanen ƙauyuka da yawa suka watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu Katsina. Abokan wasan shekara da shekaru kowa ya kama gabansa, kuma irin wannan wasa ba a sake gina shi da wanda ka tarar a gidan haya.

A waɗancan watanni da waya ta zama fitila kawai, na ga samari a cikin gari sun koma tona ramuka a ƙasa da rana, wasu da murafen lemo maimakon tsakuwa. Sun ga ana yi suna yara, amma ƙa'idar ta zube musu a hanya. Wata rana gardama ta kaure a kan wani da ya jera huɗu ya miƙa hannu zai cire ɗan abokinsa. Aka rasa mai raba su, sai aka taso wani tsoho mai sayar da igiya a gefe. Ya zo yana jan ƙafa, ya leƙa, ya ce huɗu ba ci ba ne, uku ake jerawa, ba ƙari ba ragi. Yaron ya ce, "Baba, a ina aka rubuta haka?" Tsohon ya ce masa in rubutu yake nema ya tafi makaranta, in kuma dara yake so ya matsa ya ba shi wuri. Ya karɓi karan, ya cinye su ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar, wani yaro na can yana yi masa gadin igiya.